Sharhi kan Primavera P6 ga 'yan kwangilar Sakkwato: inda rajistar ma'aikata da kayan aiki ke lalacewa

Kamfanin da ke riƙe da aikin hanya a Bodinga, ginin ajujuwa a Wurno da kwalbatoci a Gwadabawa duk a lokaci guda, abin da ke hana shi barci shi ne gireda ɗaya, rola biyu, safiyo ɗaya, da ayarin masu ɗaurin rodi waɗanda kowane injiniyan fili yake ganin nasa ne. Saboda irin wannan rabon ake sayen Primavera P6, manhajar tsara ayyuka da ke hannun kamfanin Oracle tun 2008. Mun duba ta ne ta fuska ɗaya kawai, wato yadda take riƙe bayanan ma'aikata, na'urori da kayan gini, domin a nan ne kuɗin lasisi ke biyan kansa, a nan ne kuma yake salwanta.

Hukuncinmu tun daga farko: wajen nuna wa shugaban kamfani inda kowace na'ura da kowane ayari suke, da ranar da za su samu sarari, P6 ta fi duk abin da aka saba gani a ofisoshin gini. Amma ba ta da tausayi ga wanda ya shigar da bayani da ganganci. Ba ta cika tambaya ba, gargaɗinta kaɗan ne, kuma ba ta da maɓallin adanawa. Abin da ka buga ya shige rumbun bayanai nan take, kowa ya gan shi.

Rajista ɗaya ce ga kowa

Abin da ya raba P6 da takardar Excel, har da Microsoft Project na kan kwamfuta ɗaya, shi ne rajistarta ta kamfani ce baki ɗaya. Aikin Bodinga da na Wurno daga wuri guda suke ɗauko gireda, farashinta da kalandarta. Kamar rijiyar unguwa ce, wanda ya jefa ƙazanta ba shi kaɗai zai sha ba.

Abubuwa iri uku take karɓa: ƙwadago da ake auna shi da awa, na'urori su ma da awa, sai kaya irin su siminti, rodi da tsakuwa da ake auna su da adadi. Kowanne yana da lamba ta musamman, kuma da wannan lambar manhajar ke gane shi, ba ta damu da sunan da aka rubuta a gefe ba. Daga nan cuta ta farko ke shiga. Mai tsara jadawalin Bodinga ya nemi gireda bai gani da wuri ba, sai ya buɗe sabuwa ya sa mata GRD1. Na Wurno yana da GIREDA tun bara. Na Gwadabawa ya shigo da fayil mai ɗauke da tasa. Kowace an ba ta iyakar awa 8 a yini, don haka a idon manhajar kamfanin yana da awa 24 na gireda kowace rana, alhali ƙarfe ɗaya ne a gareji. Za a rubuta ta a wurare uku ranar Talata guda, zanen nauyin aiki ba zai nuna jan da ke alamta an wuce iyaka ko kaɗan ba, sai an wayi gari injiniyoyi uku suna kiran direba ɗaya.

Maganin yana cikin manhajar, sai dai ba a kunne yake zuwa ba. A tsarin izinin masu amfani akwai damar ƙara sabon abu a rajista, da ta gyarawa, da ta gogewa, kowace daban. A cire ukun daga hannun kowa, a bar su ga mutum ɗaya da mataimakinsa. Sauran su iya ɗora abin da ke rajista a kan ayyukansu, shi ke nan. Wanda yake buƙatar sabon abu ya tura wa mai rajista suna, iri, ma'auni, farashi, kalanda da ranar da zai fara aiki. A ba wa lambobin ƙa'ida tsayayya wadda ido zai karanta: NA-GRD-01 ga gireda ta farko, MA-BRK ga birkiloli, KY-SMT-BUHU ga siminti. Kada a sa haruffa masu lanƙwasa ko alamar naira a cikin lamba, domin suna iya komawa alamar tambaya idan fayil ya fita ya dawo, lambar da ta canja kuwa ta zama sabon abu.

Sau da yawa sabbin masu amfani kan ɗauka cewa kyawun rajista shi ne a jera kowane lebura da sunansa. Wannan ɓata lokaci ne, kuma cikin wata biyu rabin sunayen sun bar fili. Suna ɗaya-ɗaya na waɗanda ake rububinsu ne: injiniyoyi, safiyo, direbobin manyan na'urori, da na'urorin kansu. Leburori, birkiloli da kafintoci a shigar da su ayari-ayari, a sa iyakar awoyinsu daidai da yawansu. Leburori 40 a kan awa 8 iyakarsu awa 320 ce a yini. Aikin da yake matakin neman kwangila kuwa, ba a san wa zai yi shi ba, a yi amfani da muƙami maimakon mutum. P6 tana da jerin muƙamai daban don wannan, kuma yana daga cikin abubuwan da muka fi yaba mata, domin yana bari a ga cewa watan Janairu zai buƙaci safiyo uku ba tare da an ɗaure wanda ake da shi a kan aikin da ba a ma ci ba tukuna.

Kalanda da awoyi

A nan ya kamata a zauna sosai, domin mafi yawan lissafin da ke fitowa a karkace daga nan yake. P6 da awa take ajiye tsawon kowane aiki. Kwanakin da kake gani a allo rabawa take yi da wani adadi, kuma yadda take zuwa daga kamfani adadin shi ne awa 8 a yini, 40 a mako, 172 a wata, 2,000 a shekara. Wannan makon ofis ne na Litinin zuwa Juma'a, ba na filin gini a Sakkwato ba.

A ce kalandar filinka awa 10 ce a yini amma an bar adadin rabawa a 8. Aikin awa 100, wanda zai cinye kwana goma cif, zai bayyana a matsayin kwana 12.5. In kuma ka buga kwana 5 da hannunka, manhajar za ta mai da shi awa 40, ta ƙare shi cikin kwana huɗu, ta matso da duk abin da ke bayansa. Ranakun farawa da gamawa suna faɗin abu ɗaya, layin tsawon aiki yana faɗin wani, awoyin ma'aikata da kuɗinsu suna bin na biyun. Gyaran yana shafin lokuta na saitin shugaban rumbu: a sa alama a akwatin da ke cewa a bi awoyin kalandar da aka ɗora wa aiki. Bayan haka sai a buɗe kowace kalanda a cike mata nata awoyin yini, mako, wata da shekara, domin wannan wurin ba ya canja kansa idan ka ƙara awoyin aiki. Ana yawan yin rabin farko a manta na biyu.

Sai Juma'a. Fili da yawa kan tashi kafin azahar, wasu su dawo bayan masallaci wasu kuma sai Asabar. A rubuta gaskiyar abin da ake yi. In awa 9 ne sauran ranaku biyar, Juma'a kuma awa 5, makon awa 50 ne, kuma za a riƙa ganin gutsuren kwana a tsawon ayyuka. Wannan ba kuskure ba ne, kada wani ya bi yana cike su.

Azumi da Sallah su ne suka fi tona rauninta. Hutu a kalandar P6 da hannu ake sa shi, rana-rana, shekara-shekara. Ba ta da hanyar cewa a maimaita. Watan azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka kwafe kalandar bara ba ya amfani. Ranar Sallah kuma ba ta tabbata sai fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin wata. Abin yi shi ne a sa ranakun da ake tsammani tun farkon aiki har zuwa shekara guda bayan ranar da ake sa ran gamawa, sannan mai rajista ya gyara da zarar an yi sanarwa. A rage awoyin azumi zuwa abin da jiki ke iya ɗauka, musamman a shekarun da yake faɗowa dab da bazara. Kuma a rubuta ranar da ma'aikata ke dawowa a zahiri, ba kwana biyun da gwamnati ke bayarwa ba. Birkilan da ya tafi ƙauye Babbar Sallah ba ya dawowa rana ta uku.

Damina tana taɓa abu biyu, kuma wurare biyu ake rubuta su. Ranakun da ruwa ke hana aikin ƙasa, musamman a Agusta, na kalandar aikin ne shi kaɗai. Tafiyar leburori gona kuwa ta rajista ce. A shafin farashi na kowane ayari akwai layi mai ɗauke da ranar farawa, iyakar awoyi da farashi. A ƙara sabon layi daga farkon Yuni da ke sauke leburori 40 zuwa 25, wato daga awa 320 zuwa 200, a sake ɗagawa bayan kaka lokacin da 'yan ci-rani suka shigo. Wanda bai yi haka ba, manhajar za ta tabbatar masa yana da hannun da zai zuba kankaren bene a Yuli, hannun kuwa yana gonar gero.

Kalandu iri uku ne: ta kamfani, ta aiki ɗaya, da ta ma'aikaci ko na'ura. Ta kamfani duk aikin da ya jingina da ita yana motsawa idan aka taɓa ta, don haka injiniyan da ya rufe kwana uku saboda ambaliya a Goronyo zai iya ture ranar gama ginin da ke cikin birni bai sani ba. Ita ma a kulle ta. Akwai wani tarko kuma: ɗora wa ayari kalanda ta musamman ba ya sa manhajar ta bi ta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, masu hankali kan mai da zuba kankare asuba ko yamma, su yi wa ayarin kankare kalandarsa. Amma idan nau'in aikin yana kan wanda ke bin kalandar aiki, ranakun ba za su saurari ta ayarin ba. Sai an mai da shi nau'in da ke bin kalandar ma'aikata. A yi hakan ga ayyukan da suka cancanta kawai, kada a bi jadawali duka.

Ma'auni da farashi

Ma'aunin kaya a P6 rubutu ne kawai. Ba ta san buhu 20 na siminti ne tan ɗaya ba, ba ta kuma juya wannan zuwa wancan. A ce buhu naira 10,000 ne, tan ya kama 200,000. An shigar da siminti da tan, tirela ta sauke buhu 600 daga Kalambaina, mai kula da sito ya aiko da 600, akawu ya buga. Kayan naira miliyan 6 sun zama na miliyan 120. Irin wannan babban kuskure ana saurin kama shi. Wanda ke kwana a rahoto shi ne na rodi: sandar milimita 12 mai tsawon mita 12 nauyinta kusan kilo 10.7 ne, kimanin sanda 94 ke nan a tan, ta milimita 16 kuwa kimanin 53. Idan aka haɗa su a layi ɗaya mai suna rodi, ana ƙirga sanda, lissafin ba zai taɓa haɗuwa da na mai ƙididdigar kwangila ba. Kowane kauri da layinsa, kuma ma'aunin ya fito a cikin sunan. Yashi da tsakuwa a auna su da kubik mita, domin tifa ba girma ɗaya ba ce.

Farashi kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a goge tsoho. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, da ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a Yulin 2024, babu ɗan kwangilar da farashinsa bai motsa ba. Wanda ya shiga ya rubuta sabon farashi a kan tsohon, sannan ya sa aka sake lissafin kuɗi, ya canja har kuɗin aikin da aka riga aka yi aka biya, kuma a duk ayyukan da ke amfani da wannan layin. A ƙara sabon layi da ranar da farashin ya fara. Sannan a sani cewa sabon farashi ba ya shiga ayyukan da aka riga aka ɗora shi da kansa. Sai an gudanar da umarnin sake lissafin kuɗin ma'aikata da kaya, ko an sa alama a zaɓin da ke yin hakan duk lokacin da aka danna F9, maɓallin sake lissafin jadawali. Manhajar tana ba da gurbin farashi har biyar ga abu ɗaya. A raba su tun farko, misali na farko abin da kamfani ke kashewa, na biyu abin da ake cajin mai aiki, na uku kuɗin haya daga waje, a rubuta a manna a bango, domin idan kowa ya fassara su yadda ya ga dama an rasa amfaninsu.

Wajen kuɗin waje ba ta burge mu ba. Da dala take zuwa a matsayin kuɗin tushe, kuma dole a mai da shi naira kafin a shigar da ko sisi, domin canja shi daga baya suna kawai yake canjawa, alƙaluman suna nan yadda suke. Kowane kuɗin waje kuma canji ɗaya take riƙe masa, babu tarihin ranaku. Ga ƙasar da canjin dala ya yi tsalle irin na bayan Yunin 2023, duba tsohon aiki da dala a cikinta yaudarar kai ne. Wannan lissafin a bar wa sashen kuɗi.

Akwai lissafi ɗaya da duk mai taɓa P6 ya kamata ya haddace: jimlar awoyi ita ce tsawon aiki sau awoyin da ake sawa a yini. Idan ka canja ɗaya, dole ɗaya daga cikin sauran biyun ya motsa, kuma nau'in tsawon da aka zaɓa wa aikin, cikin huɗun da take da su, shi ke yanke wanne. A ce katanga ce ta bulo 4,000, birkila yana jera 100 a yini. Awa 320 ke nan, birkiloli huɗu su gama a kwana goma. Ka ƙara na biyar. In an kafe jimlar awoyi, aikin zai sauko kwana takwas, kuɗin ƙwadago bai canja ba. In tsawon aka kafe, kwana goman suna nan, awoyi su hau 400, kuɗi ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 ba tare da an samu ko yini ɗaya ba. Dukansu suna da wurin amfani, amma a zaɓa da sani, a sa shi a saitin aikin kafin a fara jera ayyuka, domin canja saitin daga baya sababbi kawai yake shafa.

Abin da ya fi ba mu takaici a ƙirar manhajar shi ne wasu saituttuka masu taɓa lissafi an bar su a hannun kowane mai amfani. Wani yana ganin awoyi, wani kwanaki, don haka 40 da wannan ya buga awa 40 ce, ta wancan kwana 40. Abin da ke faruwa idan aka ƙara mutum na biyu a kan aiki, ko a raba awoyin ko a ƙara su, shi ma zaɓin kowa ne. Mutum biyu za su yi abu iri ɗaya a jadawali ɗaya su samu sakamako biyu. A zaunar da masu tsara jadawali rana ɗaya a daidaita musu, a kuma saba buga harafin awa ko na kwana bayan kowane adadi.

Fayil daga waje

Babbar ƙofar ɓarna ita ce fayil ɗin XER, wanda da shi ƙananan 'yan kwangila da masu ba da shawara ke aiko jadawalinsu. Mutane suna ɗauka jadawali kawai ke ciki. A'a, yana tafe da ma'aikatansa, farashinsu, kalandunsa, ma'aunansa da nau'in kuɗinsa, kuma duk suna neman wurin zama a rajistar kamfani. Wajen shigarwa manhajar tana ba da zaɓi ga kowane rukuni: a sabunta wanda ke ciki, a bar wanda ke ciki, a shigar a matsayin sabo, ko kada a shigar. Kowanne da illarsa idan aka danna ido rufe. Mai aikin wayoyin lantarki ya sa wa leburorinsa lambar da ta yi daidai da ta naka: in ka sabunta, bayanansa sun hau kan naka a duk ayyukan kamfani. In ka bar na ciki, mutanensa sun zama naka a lissafi, nauyin ayarinka ya kumbura. In ka shigar a matsayin sabo, ka haifi tagwaye, kuma kowane wata da ya aiko sabon rahoto za a ƙara wasu.

Hanyar da ta dace tana da ɗan wahala amma babu wata. A tanadi rumbu na biyu a kwamfuta ɗaya, irin ƙaramin da P6 ke iya kafawa ba tare da saba ba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe rumbu, ya zama wurin tantancewa. Duk fayil ɗin waje a can zai fara sauka. A duba abin da ya shigo da shi, a mai da lambobinsa zuwa na kamfani ko a tara su ƙarƙashin reshe mai sunan ɗan kwangilar, a mai da kalandunsa na aiki ɗaya, sannan a fitar a kai babban rumbu. XER rubutu ne zalla, ana iya buɗe shi da Notepad a ga jerin RSRC na ma'aikata da kaya, RSRCRATE na farashi, da CALENDAR, kafin ma a shigar da shi ko'ina. A duba da ido, amma kada a buɗe shi da Excel a adana, yana lalata ranaku. Izinin shigar da fayil shi ma a bar shi ga mai rajista. Mafi sauƙi duka shi ne a ba ƙaramin ɗan kwangila jerin lambobi da kalandar kamfani ranar da aka sa hannu, a rubuta a yarjejeniya cewa da su zai yi aiki.

Ko rajista tana da tsabta, zanen nauyin aiki zai iya yin ƙarya ta hanya biyu. Ayyukan da ba a buɗe suke ba, manhajar tana karanta su ne daga taƙaitaccen lissafin da aka tara, kuma wannan ba ya sabunta kansa sai an gudanar da shi. A sa ya riƙa gudana kowane dare. Na biyu, mai tsara jadawali kan kwafi aiki don gwada wata dabara ya bar kwafin a matsayin mai gudana, sai buƙatar gireda ta ninka. Duk kwafi a mai da shi matsayin gwaji nan take. Idan an kiyaye waɗannan, mai tsara jadawali zai iya tsayawa gaban shugaba ya ce, ranka ya daɗe, giredar nan ba ta da sarari sai ashirin ga wata, ya kuma nuna dalili a allo.

Game da awoyin da aka yi a zahiri, akwai akwatin da ke sa manhajar ta cike su da kanta bisa zaton komai ya tafi yadda aka tsara. A kashe shi ga na'urori da ma'aikata. Takardar helma ta kowace rana, da littafin awoyin direba, su ne abin shigarwa, ko da sau ɗaya a mako ne.

Kuɗi, intanet da abokiyar takara

Lasisin da dala ake kimanta shi, ga kuɗin tallafi na shekara wanda a tsarin Oracle yakan kai kashi 22 cikin 100 na kuɗin lasisi. Manhajar da Turanci take, babu Hausa. Ta kan kwamfuta tana yawan magana da rumbu, don haka haɗa ta kai tsaye daga fili a Isa ko Tangaza ta layin waya mai rauni azaba ce. Gara saba ta zauna a ofis da sola da batura, ko a gajimare, wato sabar da ke kan intanet, fili ya aiko bayani a shigar a birni.

Microsoft Project ta fi sauƙin koyo, kuma ta fi P6 wajen hutun da ke maimaituwa. Sai dai tana da nata ramin: buga suna a layin ma'aikata yana ƙirƙirar sabon mutum nan take idan harafi ɗaya ya kauce, sai an kashe wannan a saiti. Mai tunanin rajistar kamfani ta hanyar Project Online, wato Project na kan intanet, ya sani Microsoft ta sanar da rufe shi ranar 30 ga Satumba 2026. Ɗan kwangila mai aiki ɗaya ko biyu, wanda na'urorinsa ba sa yawo, Project ta ishe shi, P6 nauyi ce kawai a kansa. Mai ayyuka biyar ko fiye a Sakkwato, Kabi da Zamfara da ke rabon na'urori ya saye ta, da sharaɗin ya ware albashin mai rajista tare da kuɗin lasisin. In ba zai iya ba, kada ya saya.

Wanda ya riga ya saya kuma rajistarsa ta cika da tagwaye, akwai hanyar fita. A fara da ajiye kwafin rumbun gaba ɗaya, a gwada dawo da shi a wata kwamfuta don a tabbatar yana buɗewa, domin maɓallin komawa baya ba abin dogaro ba ne a nan. A fitar da rajistar zuwa Excel, a jera ta bisa suna, a ware na gaskiya da na bogi. A zaɓi lokacin da babu kowa a ciki, kamar daren Juma'a. Idan aka zo goge na bogi, manhajar za ta tambaya ko a goge shi da duk ayyukan da aka ɗora masa ko a mai da su kan wani. A zaɓi mayarwa, a nuna na gaskiyan, a yi guda biyar a tsaya a duba jimlar awoyi da kuɗi kafin a ci gaba. Ma'aikacin da ya bar kamfani, ko na'urar da aka sayar, ba a goge su. A cire alamar da ke nuna suna aiki, sai su ɓace daga jerin zaɓi, awoyinsu na baya kuma su zauna a tsofaffin ayyuka don lissafin kwangilar gaba.